Annabi Adamu, Darwin da shirun malamin aji

A manhajar ilimin halittu ta ajin ƙarshe na sakandare akwai babin da ake kira juyin halitta, wato bayanin yadda jinsunan halittu ke sauyawa a tsawon zamani. WAEC na tambaya a kansa, NECO na tambaya, JAMB ma ba ta barinsa. Ana so ɗalibi ya san bayanin masani Lamarck a kan yadda wuyan raƙumin dawa ya yi tsawo, ya san na Charles Darwin, ya iya kawo hujjojin da masana ke kafawa: ƙasusuwan da suka daskare a cikin duwatsu, kamannin gaɓoɓi tsakanin dabbobi, da yadda ɗan tayi ke girma a ciki. Babin yana can wajen ƙarshen littafi, daidai lokacin da zango ya ƙure kuma hankalin kowa ya koma kan jarrabawa. Hakan ya yi wa malamai da yawa daɗi. Wani ya tsallake shi ya ce lokaci ne bai isa ba. Wani ya miƙa wa shugaban aji littafi ya kwafe a allo. Wanda ya daure ya koyar kuwa, sau da yawa da magana guda yake rufewa: "Ku rubuta musu abinsu ku ci jarrabawa, amma mu mun san Annabi Adamu ne ubanmu."

A wasu ƙasashe wannan babi ya kai mutane gaban alƙali. A 1925, a garin Dayton na jihar Tennessee ta Amurka, an gurfanar da wani malamin makaranta, John Scopes, aka ci shi tarar dala 100 saboda dokar jihar ta hana a koyar da cewa mutum ya samo asali daga wata dabba. A Katsina ba a yi haka ba, da wuya kuma a yi. Mu namu salon kawar da kai ne. Ai kirarin garin ma ya faɗa: kunya gare ku, ba dai tsoro ba. Malami na jin nauyin iyaye, ɗalibi na jin nauyin malami, shugaban makaranta ba ya son abin da zai kai shi gaban mai unguwa, sai kowa ya yi gum a ce an zauna lafiya. A ganina wannan shirun ya fi rigimar tsada. Abin da yake koya wa yaro shi ne akwai ilimin da ake rubutawa don maki alhali zuciya na ƙaryata shi, sannan akwai tambayar da addininsa ba zai jure a yi masa ba. Na farkon yana kashe karatu, na biyun kuma ƙazafi ne ake yi wa addinin.

Kafin a ga laifin malamin, a duba inda yake tsaye. Shi ne mai koyar da ilimin halittu da safe, wataƙila shi ne kuma na'ibin liman a masallacin unguwa, ko ɗalibi a zauren wani malami bayan Magariba. Uban yaron da ke gabansa a aji sahu ɗaya suke tsayawa. Kalma ɗaya da yaro zai kai gida a karkace, "Baba, Malam ya ce mu jikokin biri ne", ta isa ta zubar masa da mutuncin da ya daɗe yana ginawa. Kuma ƙasar nan ta ga inda zargin boko yake kaiwa. Muhammad Yusuf, a hirarsa da BBC da aka yi ta ambato bayan rikicin Maiduguri na Yulin 2009, ya sa ka'idar Darwin cikin abubuwan da ya ce sun saɓa wa Musulunci, tare da cewa duniya a mulmule take da bayanin yadda ruwan sama ke samuwa daga tururi. A jihar da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, iyaye na da isassun dalilai na janye 'ya'yansu daga makaranta, malami mai hankali ba ya son ƙara musu wani. Shirunsa yana da uzuri, sai dai uzurin bai hana ɓarnar ba.

Abin da ya dagula maganar shi ne abubuwa uku aka ɗaure a ƙulli ɗaya aka laƙaba musu sunan Darwin, sai mutum ya ga ko dai ya haɗiye su duka ko ya tofar da su duka. Akwai cewa masu rai suna sauyawa daga tsatso zuwa tsatso. Akwai cewa duniya ta daɗe ƙwarai, kuma halittu dangin juna ne da suka rarrabu daga asali ɗaya. Sai kuma cewa tunda an gano hanyar da abin ya bi, to babu Mahalicci. Nauyinsu ba ɗaya ba ne, hujjar da ke ɗauke da kowannensu ma daban take.

Na farkon ba sai an je Ingila ba. Shiga kara a kasuwar Charanci ko ta Mai'aduwa ana gab da Babbar Sallah. Ga balami fari sol, dogo mai faɗin ƙirji. Ga uda, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, kunnuwa har suna lilo. Ga ɗan ƙasa madaidaici da ɗigon baƙi a ido da baki. Duka tumaki ne, kuma makiyayi ya san yadda aka yi suka bambanta, domin kakanninsa ne suka yi ta ware ragon da suke so ya yi barbara, shekara da shekaru, har kowane iri ya tsaya da ƙafarsa. Haka manomi a Mashi ko Zango: idan an yi girbi sai ya ware zangarniyar da ta fi tsawo da cika ya rataye don iri, shibra kuwa, mai ƙananan ƙwayoyi da ke zubewa tun a gona, ya tuge ta ya yar. Geron da muke ci daga ciyawar daji ya fito ta wannan hanya. Masu haƙar kayan tarihi sun samu alamun geron noma a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali da ya kai shekara 4,500. Darwin da kansa, a littafinsa na 1859, da wannan ya buɗe, da dabbobin gida da tattabarun masu kiwo. Abin da ya ƙara shi ne ko babu makiyayi ana yin wannan zaɓen. 'Ya'ya ba sa fitowa iri ɗaya, ana kuma haifar fiye da waɗanda abinci da wuri za su ɗauka. Fari da cuta da maƙiya sai su tace su, wanda ya dace da wurin ya rayu ya haihu, ya gadar da abin da ya cece shi. Yadda gadon ke tafiya Darwin bai sani ba. Sai da aka tono aikin Gregor Mendel a 1900, wani malamin coci da ya yi gwaji da wani nau'in wake, sannan a 1953 aka gano tsarin ƙwayar gado ta DNA.

A asibiti abin ya fi fitowa fili. Duk wanda ya yi wayo kafin shekarar 2000 ya san kulorokwin, ya san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. Ya yi aiki shekaru da yawa, sannan ya daina, har Najeriya ta maye gurbinsa da haɗin magungunan da ake kira ACT a 2005 a matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro. Maganin yana nan yadda yake. A cikin ƙwayoyin cutar ne aka samu 'yan ƙalilan da ba ya kashewa, aka yi ta kashe sauran, su suka rage suka hayayyafa. Abin da ke faruwa ke nan yau tsakanin sauro da maganin gidan sauro, da kuma tsakanin ƙwayoyin cuta da kafson da ake saya a kemis ana sha barkatai.

Misalin da ya fi kusa da gida shi ne sikila. Yau kafin ɗaurin aure waliyyai da limamai da yawa na tambayar takardar gwajin jini. Kowa ya san AA da AS da SS, ya san idan AS ya auri AS kowane ciki na da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da cutar duk shekara a ƙasar nan. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce, me ya sa abin da ke kashe yara haka bai ƙare da kansa ba? Me ya sa ya yi yawa a nan, amma da wuya a same shi a tsakanin mutanen arewacin Turai? Anthony Allison ya amsa a 1954 bayan bincikensa a Gabashin Afirka: yaro mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Inda sauro ya yi katutu, masu AS suka fi rayuwa su haihu, sai ƙwayar ta yaɗu duk da ɓarnar da take yi idan ta haɗu biyu. Wannan shi ne zuciyar babin da ake tsallakewa. Limamin da ya ƙi ɗaura aure sai ya ga takarda yana fama da sakamakonsa ne, ko da bai taɓa jin sunan Darwin ba, kuma babu wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Na biyun, wato daɗewar duniya da dangantakar halittu, ya fi nisa da ido, amma shaidarsa na ƙarƙashin ƙafarmu. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana siminti da shi, a gindin teku ya taru, ana kuma tsintar bawon halittun ruwa a cikinsa. A yankin ne aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da ta rayu fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, masana suka raɗa mata suna da sunan garin Goronyo. Haye iyaka ka wuce Maraɗi ka nausa yankin Agadas, hamadar Gadoufaoua cike take da ƙasusuwan dabbobin da babu irinsu yau, har da kada mai tsawon sama da mita 9. Masu auna shekarun duwatsu sun sa shekarun duniya a kusan biliyan 4.5. Duwatsun kuma a jere suke, akwai halittun da ba a samunsu sai can ƙasa, akwai waɗanda ba sa bayyana sai a sama.

A nan ne nake ganin mun ɗauki rigimar da ba tamu ba. Masu cewa duniya shekara 6,000 kacal ta yi, lissafinsu daga jerin zuriyoyin da ke cikin Baibul ya fito. Wani babban limamin coci ɗan ƙasar Ailan, James Ussher, shi ya tsayar da shekarar 4004 kafin haihuwar Annabi Isa, a ƙarni na 17. Alƙur'ani bai ba da irin wannan adadi ba. Ya ce kwana shida, shi ne kuma ya ce yini ɗaya a wurin Ubangiji kamar shekara 1,000 ne a lissafinmu, a wani wurin ya ambaci yini mai tsawon shekara 50,000. Ya ce an sanya kowane abu mai rai daga ruwa. A Suratul Ankabut ma umarni ya bayar a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda Allah Ya fara halitta. Babu nassin da ya faɗi ko zaki da kyanwa kakansu ɗaya ne ko ba ɗaya ba. Da yawa daga hujjojin da matasa ke tura wa juna a WhatsApp don rushe Darwin, idan ka bi sawunsu, daga ƙungiyoyin Kiristocin Amurka suka taso, suka biyo ta hannun Adnan Oktar na Turkiyya, wanda aka fi sani da Harun Yahya, aka naɗa musu rawani. Oktar bai karanci ilimin halittu ba, ba kuma malamin addini ba ne, ƙarshe ma a kurkuku ya tsinci kansa bisa laifuffukan da ba su shafi wannan magana ba.

Na ukun kuwa, wato cewa babu Mahalicci, ra'ayi ne da wasu suka ɗora wa kimiyya a ka. Masanin ilimin halittu Richard Dawkins da ire-irensa sun yi suna wajen cewa Darwin ya sa ba a buƙatar Mahalicci, kuma muryarsu ce ta fi tashi a intanet. Amma babu gwajin da za a yi a ɗakin bincike ya nuna akwai nufi a bayan abu ko babu. Idan masani ya ce sauyin ƙwayar gado yana zuwa bisa katari, iyakar abin da ya auna shi ne sauyin ba ya duba buƙatar dabbar kafin ya auku. Ya ce ya fita daga ƙaddara kuwa, wannan ya wuce gona da iri. Musulmi ya saba da haka tun tuni. Ya san mahaifa da wata tara, ya ga hoton ɗan tayi a na'urar asibiti, bai fasa cewa Allah ne Ya halicci jaririn ba. Ya ji hasashen masu kula da yanayi a rediyo, ya kuma fita sallar roƙon ruwa. A karatun tauhidin da ake yi a zaurukan Katsina tun zamanin Wali Ɗan Marina, sanin sababi bai taɓa kore Mai sababi ba.

Saura abu ɗaya, kuma a nan gizo ke saƙar: Annabi Adamu. Kimiyya ba ta cire mutum daga jerin ba. Ƙwayoyin gadonmu sun yi daidai da na birin chimpanzee da kusan kashi 98 zuwa 99 cikin 100 a wuraren da ake iya jera su. An tono ƙasusuwa masu tsaka-tsakin kama: a Habasha a 1974 aka samu wadda ake kira Lucy, mai shekara miliyan 3.2, a 2001 a hamadar Djurab ta Chadi, nan maƙwabta, aka samu ƙoƙon kan da ake kira Toumaï, mai kusan shekara miliyan 7, a Maroko kuma ƙasusuwan mutane masu kama da mu da suka kai shekara 300,000. Masu nazarin gado suna cewa bambancin da ke cikin jinin bil'adama ya fi nuna kakanni masu yawa. A ɗaya ɓangaren, Alƙur'ani ya ce daga rai guda aka halicce mu. Ya ce daga yumɓu aka yi Adamu, Allah Ya ce da hannayenSa Ya halicce shi, Ya busa masa ruhi. A aya ta 59 ta Ali Imrana an misalta Isa da Adamu, kuma jumhurin malamai sun fahimci cewa Adamu ba uwa ba uba. Wanda ya ce wa ɗalibi waɗannan biyun sun dace da juna cikin sauƙi ya yaudare shi. Wanda ya ce masa ƙasusuwan duk ƙirƙirar Yahudu da Nasara ce ya fi cutarsa, domin ranar da yaron ya gano ba haka ba ne, har da gaskiyar da aka gaya masa zai haɗa ya zubar.

Malaman Musulunci ba yau suka fara duba wannan ba. A 1888 Shehu Husain al-Jisr na Tarabulus ta Lubnan, wanda ya yi karatu a Azhar, ya rubuta cewa nassi bai yanke ko an halicci kowane jinsi daban ko a hankali ba. A kan mutum ya tsaya a zahirin ayoyi, yana cewa hujjar masu ka'idar ba ta kai yaƙini ba a lokacinsa, amma idan ta kai to ƙofar tawili a buɗe take, muddin an bar wa Allah halittarSa. Sarkin Musulmi Abdulhamid na Daular Usmaniyya ta Turkiyya ya karrama shi a kan littafin. Yau akwai masu ƙin ka'idar ɗungurungum, akwai masu karɓarta a kan dabbobi da tsirrai su cire ɗan'adam. Akwai 'yan kaɗan da suka yi tawilin ƙissar baki ɗaya, irin su Abdus Sabur Shahin na Masar, wanda aka yi wa ca a 1998. Akwai kuma waɗanda suka ce halittar Adamu mu'ujiza ce, kamar haihuwar Isa ba uba, kamar sandar Musa da ta zama maciji, mu'ujiza kuwa ba ta barin sawun da ma'aunin ɗakin bincike zai tabbatar ko ya kore. Suka ce nassi ya yi shiru a kan ko akwai wasu halittu masu ƙirar mutum kafin Adamu, inda nassi ya yi shiru kuma sai a dakata, kada a tabbatar kada a musanta da sunan addini. Wannan matsayin ya fi kwanta mini, domin bai taɓa aya ba kuma bai ƙaryata ƙashi ba, ko da yake ya bar tambayoyi a kan zamanin Adamu da yaɗuwar zuriyarsa waɗanda ba a gama warwarewa ba. Ko mai karatu ya bi wannan ko wani, damuwata ita ce ɗalibinmu bai ma san akwai wani tsani tsakanin kafirci da ƙaryata kimiyya ba.

Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya riga ya gargaɗi masu irin wannan kishi. A gabatarwar littafinsa na raddi ga masu falsafa ya kawo misalin husufi. Ya ce wanda ya ga masu lissafi suna faɗin lokacin da za a yi husufin wata ya kuma tabbata, sannan ya ce addini ne ya sa a musanta bayaninsu, to ya cuci addinin, domin mai lissafin ba zai yi shakkar lissafinsa ba, addinin zai yi wa shakka. Ba a kan Darwin ya yi maganar ba, kuma ba daidai ba ne a ja shi a sa shi a bakin ka'idar da bai sani ba. Haka ma masu cewa magabatan marubutan Musulmi irin su Ibn Khaldun ko Jahiz sun riga Darwin, sun ɗan yi zuzutawa. Tsara halittu daraja-daraja daban, bayanin yadda jinsi ke sauyawa daban. Amma ƙa'idar da Gazali ya kafa tana nan: kada a jingina imani da abin da awo zai iya rushewa.

Akwai wani abu da ke ƙona rai tun kafin a kai ga aya ko hujja, shi ne birin. Hoton nan da kowa ya sani, biri a duƙe yana miƙewa a hankali har ya zama mutum, zane ne da aka yi wa wani littafi a Amurka a 1965, kuma masana da kansu sun daɗe suna kuka da shi. A aji, idan an samu mai ƙarfin hali, yawanci tambaya ɗaya ce. Yarinya ta ɗaga hannu daga baya, tana gyara hijabi: "Malam, to in daga biri muke, me ya sa har yanzu akwai birai?" Aji ya fashe da dariya, malam ya yi murmushi ya ce, "To kun dai ji," ya juya shafi. Alhali amsar gajeriya ce. Ka'idar ba ta ce birin yau ya rikiɗa ya zama mutum ba, cewa ta yi sun haɗa kaka a can nesa, kamar yadda kai da ɗan baffanka kuka haɗa kaka amma ba shi ya haife ka ba. Yarinyar na iya ƙin yarda da wannan, amma ta cancanci ta san abin da take ƙi.

Ƙyamar birin tana da tushe biyu. A kunnen Musulmi yana tuna mutanen da aka mayar birai don azaba, ko da yake hadisin da ke cikin Sahihu Muslim ya bayyana cewa waɗanda aka shafe ba su bar zuriya ba, kuma akwai birai tun kafin su. A kunnen baƙar fata kuwa zagi ne mai tarihi. A 1906 an ajiye wani ɗan Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan namun daji na Bronx a New York ana kallonsa. 'Yan mulkin mallaka sun yi amfani da sunan Darwin wajen jera jinsunan mutane su sa mu a ƙasa, shi kansa Darwin, duk da ƙin bautar da ya yi, bai kuɓuta daga wannan kallon ba a littafinsa na 1871. Ya kamata malami ya faɗi haka a aji. Ya kuma faɗi cewa ilimin gado na yau shi ne ya rushe wancan jeri, ya nuna duk mutanen duniya daga Afirka suka bazu, kuma bambancin da ke tsakanin baƙi da fari ɗan ƙalilan ne.

Kuɗin shirun sai an bar makaranta ake biyansa. Yaro ya shiga jami'a, ko ma bai shiga ba, waya ta ishe shi. Ranar da zai fara jin labarin Lucy da DNA dalla-dalla, da hotuna da lissafi, daga bakin wanda ke yi wa addini izgili zai ji. Sai ya tuna malaminsa ya kauce, malamin Islamiyya ya ce haramun ne ma a tambaya, ya ɗauka ba su da amsa ne. Wani ya ɓoye shakkarsa yana sallah da ita. Wani kuma ya rufe ƙofa ya ce duk kimiyya makirci ce, shi ne gobe zai hana a yi wa ɗansa rigakafi. Turkiyya ta sanar da cire babin daga manhajar sakandare a 2017, Indiya ta cire shi daga littafin aji na 10 a 2023, amma babu gwamnatin da ta iya cire shi daga waya.

Mu muna da wata dama da Amurkawa ba su da ita. A can kotuna sun hana, a 1987 da 2005, a shigar da bayanin addini cikin darasin kimiyya a makarantun gwamnati, don haka rigimar tasu ta zama ta wa zai mallaki aji. A nan darasin addini na cikin jadawali. Malamin ilimin halittu da malamin addinin Musulunci ofis ɗaya suke zama, buta ɗaya suke alwala da ita. A yankunan Malumfashi da Kafur, inda akwai Hausawa Kiristoci, malamin addinin Kirista ma yana wurin, kuma shi ma yana da abin faɗa, tunda Paparoma John Paul na II ya ce a 1996 juyin halitta ya wuce matsayin hasashe, amma ruhin mutum daga Allah yake kai tsaye. Ba a buƙatar malamin kimiyya ya zama mai tafsiri, ba a kuma buƙatar ya ce wa yara su yi imani da Darwin. Aikinsa ya koyar da babin cikakke, ya nuna abin da aka auna da yadda aka auna shi, ya faɗi inda awon ya tsaya, in an zo kan Adamu ya ce wannan tambaya ce ta gaske kuma ga wanda za a kai wa. Wanda za a kai wa ɗin kuma dole ya zama ya karanta babin, ba labarinsa ya ji a majalisa ba.

Wurin da za a fara gyara shi ne inda ake horar da malaman. Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Katsina, ta Isa Kaita a Dutsin-ma, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, da Jami'ar Alƙalam da aka kafa a 2005, kowacce na koyar da kimiyya da ilimin addini a haraba ɗaya. Zama biyu ko uku a zango, a haɗa ɗaliban ɓangarorin biyu su karanta ayoyin da hujjojin tare, ba zai ci kuɗin a zo a gani ba. Garin da ya fitar da Muhammad al-Katsinawi, masanin lissafi da taurari da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya kuma karɓi Kwalejin Katsina a 1921 a zamanin Sarki Dikko, ba baƙo ba ne wajen zaunar da karatu biyu a tabarma ɗaya.

Amma malamin aji ba zai buɗe baki ba sai ya san yana da garkuwa, garkuwar kuma ba a ma'aikatar ilimi take ba. Iyayen yaran ba sa karanta manhaja, tafsirin Azumi suke saurare. Duk shekara mai tafsiri na bi ta aya ta 30 a Suratul Baƙara, inda mala'iku suka tambayi Ubangiji game da wanda za a sanya a bayan ƙasa, ko ta ayoyin yumɓu a Hijri da Saad, a gaban jama'ar da ta ninka kowane aji, ga kuma masu ji ta rediyo. Idan malami ɗaya mai faɗa a ji ya tsaya a wurin minti goma, ya rarrabe wa mutane abin da nassi ya yanke da abin da ya bari a buɗe, ya ce musu karanta wannan babi ba ridda ba ne, malaman sakandare da yawa za su samu bakin magana a zango mai zuwa.